KAFIN KA MIƘA ƊANKA GA MAI KOYA MASA KAYE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ara wa bawa ƙarfi na wani ɗan lokaci, kuma zai tambaye shi inda ya ɓatar da shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



A makon jiya, bayan sallar lisha, wani dattijo daga cikin waɗanda ba sa rasa sahun farko ya jira har jama'a ta watse, sannan ya matso kusa da ni. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya, amma na ji nauyin yin ta a gaban mutane." Babban ɗansa yana karatun boko a Tawa, a gidan ƙanen uwarsa, ya aiko yana neman kuɗin farar rigar nan da suke kira kimono, wai zai shiga taekwondo. Ƙaramin kuwa yana nan gida, kullum da marece yana fagen kokowa, kuma uwarsa ta tsinci wata laya ɗaure a ƙugunsa wadda ba su ne suka ba shi ba. Ya ce, "To, Malam, in hana su, ko in bar su?"

Na ce, "Alhaji, ka taɓa zuwa ka ga wurin da suke yi?" Ya ce a'a. Na ce, "Ka san sunan wanda yake koya musu, da gidan da ya fito?" Ya yi shiru. Wannan bawan Allah manomin albasa ne, ba ya sayen iri sai ya san lambun da aka girbo shi da hannun da ya adana shi. Amma ƴaƴansa biyu suna hannun mutanen da bai taɓa gaisawa da su ba. Ban faɗi wannan domin in zarge shi ba, shi ya ma yi ƙoƙari da ya tambaya. Da yawanmu halinmu ke nan, shi ya sa na ga ya dace amsar ta kai ga kowa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wanda yake koya wa yaro yadda ake kayar da mutum malami ne, ko mun kira shi da wannan suna ko ba mu kira shi ba. Yaro yana kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa da irin abin da yake girmamawa, sau da yawa fiye da yadda yake kwaikwayon malamin allo, domin wancan da kansa yaron ya zaɓe shi. Saboda haka wajibin uba ya bincike shi kamar yadda zai binciki wanda zai koya wa ɗansa Fatiha. Hadisi ingantacce da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sanya kowane magidanci a matsayin makiyayin iyalinsa wanda za a tambaya game da su. Makiyayi ba ya kulle garke a turke har abada don tsoron kura, kuma ba ya sake shi ya koma gida ya kwanta. Yana bin sa zuwa makiyaya.

*Asalin hukuncin*

Motsa jiki da koyon kare kai halal ne a asalinsa, kuma yakan zama abin lada idan niyya ta gyaru. Muslim ya ruwaito hadisin da ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da tabbatar da alheri ga dukkansu. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo labarin kokowar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rukana ɗan Abdu Yazid, wanda aka sani da ƙarfi a cikin Ƙuraishawa, kuma Annabi ya kayar da shi. Malaman hadisi sun yi magana a kan hanyar ruwayar, amma labarin sananne ne a littattafan tarihi. Haka nan masu tarihi sun ambaci samari biyu, Rafi'u ɗan Khadij da Samuratu ɗan Jundub, gab da yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira. An karɓi Rafi'u saboda iya harbi, aka mayar da Samuratu saboda ƙuruciya, sai ya ce shi yana iya kayar da Rafi'u. Aka sa suka kama, ya kayar da shi, aka karɓe shi. Kuma a cikin masallacin Madina kansa mutanen Habasha suka yi wasa da masu, Uwar Muminai A'isha tana kallo daga bayan Manzon Allah, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim. Ibnul Ƙayyim ya wallafa littafi sukutum a kan wannan fage, mai suna Alfurusiyya.

Don haka duk wanda ya ce kokowa a karan kanta aikin banza ce da addini ya ƙi, ya faɗi abin da ba shi da madogara. Matsalar tana cikin abubuwan da ake raɓa mata.

Mu kuwa mutanen wannan jiha ba baƙi ne a wannan harka ba. Tun kaka da kakanni, idan aka gama girbi, samarin gari sukan tafi wani gari da makaɗansu, a kafa fage a farin wata. A shekarar 1975, zamanin Seini Kunce, aka fara gasar kokowa ta ƙasa, kuma a Tawa aka yi ta farko, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. A yau jihohi takwas ke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa goma, ƙasa duka ta kasa kunne a rediyo. Babu yaron da bai san sunan Isaka Isaka na Doso ba, wanda ya ɗauki takobi har sau shida. A wasannin duniya ma, lambobin Olamfik biyu da Nijar ta fara samu duk daga wasannin faɗa suka zo: Isaka Dabore ya ci tagulla a damben zamani a Munik ta Jamus a 1972, sannan Abdurrazaƙ Isufu Alfaga ya ci azurfa a taekwondo a birnin Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu a 2017. Tun daga lokacin yara da yawa suke mafarkin farar riga da baƙar ɗamara. Ga kuma waya a hannu, suna kallon ƴan dambe na Kano da Sakkwato da mayaƙan keji na ƙasashen waje. Wanda ya ce zai raba yaron yau da wannan sha'awa da tsawa kawai, yana yaudarar kansa ne.

*Ka je da ƙafarka*

Gani ya kori ji. Kafin ka ba da ko dala ɗaya, ka je wurin, ko fagen yashi ne a bayan gari, ko ɗaki ne a gidan matasa a birni. Kada ka tsaya a zuwa ɗaya. Na farko ka sanar, ka gaisa da mai horon. Na biyu ka je ba tare da sanarwa ba. Idan ɗanka yana wani gari, ka wakilta mai masaukinsa, ko wani amintacce daga cikin ƴan garinmu da ke can, kuma ka tambaye shi abin da ya gani dalla-dalla. Duk wurin da aka ce ba a yarda iyaye su zauna su kalla ba, maganar ta ƙare tun a bakin ƙofa. Idan ka samu wuri ka zauna, ga abin da za ka sa wa ido.

Na farko, shi kansa mai horon. Ka dubi yadda yake yi da yaron da ya fi kowa rauni, domin kowa yana iya fara'a da gwani. Idan ƙaramin yaro ya faɗi ya yi kuka, yana ɗaga shi ya nuna masa kuskurensa, ko yana sa sauran su yi masa dariya? Yana zagin uwa? Yana haɗa ɗan shekara 10 da ɗan shekara 16 don ya ga ƙarshen juriyarsa? Ka tambayi maƙwabtansa halinsa a kasuwa da cikin gidansa. Hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma yana cikin Buhari da Muslim, ya bayyana cewa ƙarfi na gaskiya shi ne mallakar kai a lokacin fushi, kuma abin lura shi ne kalmar da aka yi amfani da ita a hadisin don kwatanta ƙarfin da bai kai wannan ba, kalmar kayar da mutane ce a kokowa. Mai horon da bai mallaki fushinsa ba, dabarun kaye kawai zai ba ɗanka, ya haɗa masa da zafin zuciya, ka ga an wasa wuƙa an miƙa wa wanda bai san kube ba. A birane, inda ake koyar da judo ko karate ko taekwondo, ka tambayi metur ɗin wa ya koya masa, kuma ko yana da takardar shaida daga hukumar wasan ta ƙasa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Na biyu, salla. Yawancin horo tsakanin la'asar da magariba ake yin sa, wato daidai inda salloli biyu suke cikin haɗari. Ka zauna har ladan ya kira magariba, ka ga abin da zai faru. Idan aka tsaya, aka karkaɗe yashi, aka nufi buta, to ka samu wuri. Idan aka ci gaba kamar ba a ji ba, ɗanka yana koyon wani darasi da ya fi kaye shiga jiki, cewa akwai abin da ya fi kiran Allah gaggawa. Ka tambaya kuma yadda suke yi ranar Juma'a da cikin azumi.

Na uku, al'aura. A mazhabarmu ta Malikiyya al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa take. Malamai sun sassauta magana a kan cinya fiye da abin da ke sama da ita, amma rufewa ita ce hanyar kuɓuta. Kimono ya warware wannan da kansa. A kokowa ne ake da aiki, domin ɗan kamfai da warki ba sa kaiwa. Wando mai kauri da ya kai gwiwa ba ya hana kamu, ba ya hana tsalle. Ka saya wa ɗanka, ka gaya wa mai horon dalilinka.

Na huɗu, laya da guru da abin shafawa. Nan ne maganar ta fi nauyi, domin ta shafi tauhidi. Duk mun ga yadda ɗan kokowa yake shigowa fage ɗauke da layu da kambuna, yana zuba wani ruwa a kansa, yana binne wani abu a yashi. Ya kamata mu yi adalci a nan. Layar da aka rubuta Alƙur'ani ko sunayen Allah tsantsa, malamai magabata sun yi saɓani a kanta, wasu sun halatta, wasu sun hana, kuma ba wannan rubutu ne zai rufe wancan saɓani ba. Amma abin da boka ya haɗa da sunayen iskoki, ko aka yi wa yanka, ko aka ce sharaɗinsa kada a yi wanka ko kada a yi salla da shi a wani lokaci, wannan babu malamin da ya halatta shi. Ko layar ayoyi ce, ina girmamawa ga ayar da ake birgima da ita a ƙasa ana tattaka ta? Sannan ka dubi abin da take yi wa zuciyar yaro. Idan ya yi kaye sai ya gode wa ƙullin fata, idan aka kayar da shi sai ya zargi abokin karawarsa da sihiri, ya bar duba kuskuren ƙafarsa. Na ce wa Alhaji ya kwance layar nan, ya buɗe ta a gaban yaron cikin lalama, ya kuma gano wanda ya ba shi. Yaro ba ya ƙirƙiro laya, hannun babba ne ya ɗaura masa.

Na biyar, sunkuyo. Judo da karate daga Japan suka fito, taekwondo daga Koriya, kuma a al'adarsu ana sunkuyawa ga malami da abokin karawa, a wasu wuraren har ga hoton wanda ya kafa wasan. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Manzon Allah ko mutum ya sunkuya wa ɗan uwansa idan sun haɗu, sai ya hana, ya yarda da musafaha. Masu wasan suna cewa gaisuwa ce kawai, ba bauta ba, kuma mu ma da muke durƙusa wa manya bai kamata mu yi saurin kafirta kowa a kan wannan ba. Duk da haka ruku'u na Allah ne, kuma abin da ya yi kama da shi an fi son a nisance shi. Ka roƙi metur ya yarda ɗanka ya tsaya cak ya yi musafaha, ko ya ɗora hannu a ƙirji. Yawancinsu a ƙasarmu Musulmi ne, za su fahimta. Sunkuya wa hoto kuwa, kada ka yarda da shi ko kaɗan.

Na shida, fuska da kai. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira umarnin nisantar fuska ko da a cikin faɗa. A shekarar 1987, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke cewa damben zamani, yadda ake yin sa a gasa, haramun ne, domin an gina shi a kan cutar da jikin abokin karawa, ta kuma halatta kokowar da babu cutarwa a cikinta. Wannan dalili bai tsallake dambenmu na gargajiya ba, inda ake naɗe hannu da igiya, kuma burin kowa ya yi kisa, wato ya kai abokinsa ƙasa da naushi. Likitoci sun tabbatar cewa bugun kai da ake maimaitawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ta yaro ba ta gama nuna ba. Duniya ta ga yadda Muhammad Ali ya ƙare rayuwarsa da ciwon makyarkyata tun daga 1984 har rasuwarsa a 2016, kuma likitoci da dama suna danganta hakan da dukan da ya sha. Shawarata ga yara ita ce wasannin kamu, kokowa da judo, domin babu naushi a cikinsu, kuma a judo abin da ake fara koyarwa shi ne yadda mutum zai faɗi ba tare da ya ji ciwo ba, darasin da zai amfane shi ko daga kan babur ko amalanke ya faɗo. Taekwondo yana da shuri zuwa kai a gasar manya. Idan shi ɗanka ya zaɓa, ka tabbatar akwai hular kariya da rigar ƙirji, kuma ka sharɗanta cewa ba za a buga kansa ba, shi ma ba zai buga na wani ba. Ka tambayi mai horon abin da yake yi idan yaro ya bugu a kai. Amsar da ta dace ita ce a fitar da shi nan take, kuma idan aka ga amai, ko jiri, ko ruɗewa, ko barci mai nauyi, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba. Wanda ya ce a watsa masa ruwa ya koma fage, kada ka bar masa ɗanka. Ka duba kuma ko an share fagen daga duwatsu da kwalba, ko akwai ruwan sha, musamman a bazara da zafi yake wuce maki 40, kuma ko ana dakatar da mai makero ko ƙazuwa har ya warke.

Na bakwai, keɓewa. Wannan magana ce da muke jin kunyar faɗa, kuma kunyar tamu ita ce mafakar azzalumai. Bai halatta namiji ya keɓe da yarinyar da ba muharramarsa ba da sunan horo. Haka kuma kada ka yarda babba ya riƙa keɓewa da ɗanka namiji a ɗaki, ko ya riƙa kiran sa gidansa da dare, ko ya yi tafiyar kwana da shi ba tare da wani babba amintacce ba. Yawancin masu horo mutanen kirki ne, kuma na kirkin su ne suka fi son wannan ƙa'ida, domin tana kare mutuncinsu. Ka saba wa ɗanka da ba ka labarin abin da ya faru a fage. Idan yaron da yake ɗokin zuwa ya wayi gari yana ƙi ba tare da dalili ba, ka zauna da shi ka saurara kafin ka yi faɗa.

Na takwas, ƙwaya da caca. Kowa ya san ɓarnar da tramol ta yi a cikin samarinmu. Ana ba yaro da sunan maganin gajiya, ta kashe masa jin ciwo har ya ƙara wa rauninsa rauni, ta jefa wasu cikin jijjiga, ta kama shi ya kasa bari. Ka dubi idanun manyan samarin da ke fagen da abin da suke miƙa wa juna a gefe, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kyautar da hukuma ko wani mai hali ya ba gwani daban take da kuɗin da ƴan kallo suke zubawa a kan wa zai yi kaye. Na biyun caca ce, kuma babu saɓani a kan haramcinta.

Na tara, kuɗi. Abin da ke tsakaninka da mai horo ijara ce, kuma sharaɗin ijara a san aiki a san lada tun farko. Ka tambayi kuɗin wata, da na riga, da na jarrabawar ɗamara, da na tafiya gasa, a faɗa maka duka a zama ɗaya. Ka yi hattara da wanda yake sauya wa yaro ɗamara kowane wata biyu yana karɓar kuɗi, domin baƙar ɗamara ta gaskiya aikin shekaru ce. Idan kuma ka samu na gari, ka biya shi haƙƙinsa a kan lokaci. Da yawansu suna yi ne don ƙauna, ba su da wani albashi.

*Ƴan mata da manya*

Wasu za su tambaya game da ƴaƴa mata. Jikinsu ma amana ne, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah ya yi tsere da Nana A'isha. Hedaya Malak ta Masar ta ci tagulla a taekwondo a wasannin Rio na 2016 da kanta a rufe. Sharaɗin dai mace ta koya wa mata, a wuri mai shamaki, da sutura cikakkiya, ba tare da ɗaukar hoto ana watsawa ba. Inda babu wannan, a jira har a samar da shi, kuma samar da shi aikinmu ne.

Ku kuma magidanta, maganar ba ta tsallake ku ba. Manomi da ke ban-ruwa tun asuba ya samu rabonsa na motsa jiki. Amma ɗan kasuwa da ma'aikaci da direba, har da mu masu zaman karatu, hawan jini da ciwon suga suna yi mana sallama tun muna da shekara 40. Wanda zai fara horo a wannan shekaru ya fara zuwa a auna jininsa, ya gaya wa mai horon duk ciwon da yake da shi, kuma ya nemi wurin da ba za a haɗa shi karo da ɗan shekara 20 ba. Ya gyara niyya: lafiyar da zai tsaya da ita a sahu, ya nemi halal, ya kare iyalinsa idan ta kama. Kada kuɗin gidan horo ya taɓa na cefane. Kuma ya shirya karɓar gyara daga yaron da ya haife shi, wannan ma wani magani ne ga zuciya.

*Ga masu cewa a hana gaba ɗaya*

Na san akwai ƴan uwa masu kishin addini da za su ce: Malam, da wannan dogon sharaɗi, ba gara a rufe ƙofar ba? Ga kiɗa, ga kirarin alfahari, ga cuɗanyar maza da mata a manyan fagage, kuma lokacin yaro na allo ne da gona. Ban raina wannan magana ba. Gaskiya ne cewa da wuya ka samu babban fage da ya kuɓuta daga waɗannan, kuma uban da ya bincika bai samu wurin da ya natsu da shi ba, ya hana, ya yi daidai. Abin da nake ja da shi shi ne hanin da babu bincike kuma babu madadi. Ƙarfin ɗan shekara 15 kamar ruwan kwari ne a damina, idan ba a gina masa hanya ba zai haƙa tasa. Wanda aka hana a fili yakan koma yi a ɓoye, a hannun wanda uba bai sani ba, kuma a nan ne laya da ƙwaya suke samun sa. Yaran nan suna kallon Habib Nurmagomedov, Musulmin nan na Dagestan da ya bar faɗan keji a 2020 bayan karawa 29 ba a taɓa cin sa ba. Ba na yaba wasan, domin akwai bugun fuska a cikinsa. Abin da nake so iyaye su lura da shi shi ne mahaifinsa ne ya horar da shi tun yana ƙarami, kuma da mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa ta nemi ya bari, ya bari yana kan ganiyarsa. Yaron da iyayensa suke tsaye a bakin fagensa, maganarsu tana da nauyi a kunnensa har ya girma.

*Abin da masallaci zai iya yi*

Ina kira ga kwamitocin masallatanmu. Kusan kowace unguwa tana da tsohon ɗan kokowa da ya ajiye warki, yana salla tare da mu, babu wanda ya taɓa neman iliminsa. Muna da fili, muna da yashi a kwari, muna da masu amalanke. A zaɓi wuri a sarari kusa da masallaci, a zuba yashi, a sa randa, a ba wannan dattijo yaran unguwa kwana biyu ko uku a mako, bayan an tashi daga makarantar allo, a raba su bisa shekaru da nauyi. A kafa sharaɗi a gaban iyaye: babu laya, babu zagi, babu caca, wando ya kai gwiwa, da kiran magariba kowa ya nufi alwala, kuma wanda ya kai dabarar fage cikin faɗan unguwa a dakatar da shi. Magidanta biyu su riƙa zama a bakin fagen bi da bi. Masu ci-rani da ke aiko da gudummawar tabarma da lasifika su ware wani abu don ladan mai horon. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi kuwa Alhaji, mun rabu a kan cewa zai je fagen da marece ya zauna har magariba, kuma idan ya kai albasa kasuwa ya samu sarari, zai wuce Tawa ya ga metur ɗin da idonsa kafin ya aika da kuɗin riga. Ina roƙon kowane uba da ya karanta wannan ya yi haka a cikin makon nan, uwa kuma ta tuna masa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa ƙarfinsu ya zama kariya ga mai rauni, Ya tsare su daga shirka da ƙwaya da mugun aboki. Abin da na faɗa daidai daga Allah yake, kuskure kuwa nawa ne, kuma wanda ya ga gyara daga cikin malamanmu ya aiko, za mu sanya shi a nan. Allah ne Mafi sani.